Yadda Ake Aiki da Tsani a Sito da Wurin Lodi Ba Tare da An Faɗo Ba

Aikin sito aiki ne na hawa da sauka. A Dawanau ana jera buhunan masara da riɗi har su kusa taɓa kwano, a Singa katan-katan na taliya da sabulu ne cike da kanta, a Kantin Kwari diloli ake hayarwa sama, sannan a bakin kowane sito akwai motar da ke jiran a yi mata lodi ko a sauke ta. Na daɗe ina kula da sito da leburorinsa a cikin Kano, kuma na lura da cewa yawancin waɗanda suka ji mummunan ciwo daga tsayin da ake rainawa suka faɗo. Mita biyu kacal a kan daɓen siminti ya isa ya fasa ƙashin dunduniya, ya karya ƙugu, ko ya taɓa lakar mutum ya kwantar da shi har ƙarshen rayuwarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa iri-iri tana kashe mutum kusan 684,000 a kowace shekara, kuma a cikin haɗurra babu abin da ya fi ta kisa sai haɗarin hanya. Abin da nake so sabon ma'aikaci ya riƙe shi ne, tsani hanyar da mutum zai bi ne shi kaɗai, kaya kuwa dole a sama musu tasu hanyar, kuma galibin faɗuwa ana shirya ta ne tun a ƙasa, wajen zaɓen tsani da wurin da aka kafa shi.

Kayan da za ka tanada

Na farko shi ne tsanin kansa, kuma iri uku ne suka shafi aikinmu. Akwai tsanin jingina, wanda da shi ake hawa mota, kwantena ko rufi. Akwai mai buɗewa mai ƙafa huɗu, wanda ke tsayawa da kansa, shi ya dace da kanta da canza ƙwan fitila. Sai kuma mai dandamali a sama da ƙarfen dafawa, wani da tayoyi masu birki, wanda ake gani a manyan kamfanonin Sharaɗa, Bompai da Chalawa. Wannan na ukun ya fi kowanne kyau ga mai ɗauko kaya daga kanta kullum, domin mutum yana tsayawa da tafin ƙafarsa gaba ɗaya kuma hannuwansa biyu suna sake. Mai siton da ba zai iya sayen na kamfani ba yana iya sa mai walda ya haɗa masa, muddin gindin ya fi saman faɗi sosai kuma an sa ƙarfen dafawa da ya kai ƙugu.

Idan tsanin na kamfani ne, duba takardar da ke manne a gefensa. Wanda aka rubuta wa EN 131, wato lambar ma'aunin ingancin tsani na Turai, an yi shi ne don nauyin da bai wuce kilo 150 ba, kuma wannan lissafi ya haɗa da mutum da duk abin da yake ɗauke da shi. Ke nan lebura mai kilo 70 da ya saɓa buhun masara mai kilo 100 ya riga ya wuce ƙa'ida tun a matakin farko. Na katako da kafinta ya buga ba shi da takarda, saboda haka idonka ne zai tantance shi. Wanda ake so shi ne wanda aka sassaƙa wa gurbi a sandunan gefe aka zaunar da kowane mataki a ciki kafin a buga ƙusa, domin matakin da ƙusa kaɗai ke riƙe da shi wata rana zai zare. Tazarar matakai ta zama daidai wa daida, tsakanin santimita 25 zuwa 30, saboda ƙafa tana sabawa da tazara ɗaya, kuma matakin da ya saɓa shi ne ke kayar da mutum a lokacin sauka.

Bayan tsani kana buƙatar igiya biyu masu ƙarfi, ɗaya ta ɗaure tsanin, ɗaya ta jan kaya. Ka tanadi tef na awo, tsintsiya, tsumma, yashi ko garin katako na tsane mai, faffaɗan katako mai kauri, waigi na tare tayar mota, da jaka mai rataya ta zuba ƙananan kayan aiki. Takalmi ya zama rufaffe mai ƙasan roba da ɗan tudun dunduniya da zai kama mataki. Silifas ba takalmin tsani ba ne ko kaɗan. Hular kwano mai maɗaurin haɓa tana da amfani ga mai hawa da kuma wanda ke ƙasa, hular da ba ta da maɗauri kuwa takan bar kan mutum tun kafin ya iso ƙasa. Abu na ƙarshe shi ne abokin aiki, babba mai hankali, wanda ba shi da wani aiki a wannan lokaci sai kai da tsaninka.

1. Ka fara tabbatar da cewa aikin na tsani ne

Tsani ya dace da aiki mara nauyi kuma gajere. Ƙa'idar da hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta shimfiɗa, wadda na ga ta dace da mu sosai, ita ce kada aiki a kan tsani ya wuce kamar minti 30 a wuri ɗaya, kuma kada abin da ake ɗauka ya wuce kilo 10. Buhun shinkafa, na sukari da na siminti kowanne kilo 50 ne, saboda haka babu ɗayansu da ya halatta a hau tsani da shi. Na san cewa a kasuwanninmu ana ganin 'yan dako suna yi kullum, kuma ana yaba musu da ƙarfi, amma mai buhu a ka ba ya ganin ƙafarsa, hannunsa ɗaya ko duka biyun suna kan buhun, kuma idan ya goce nauyin yana biyo shi ya danne masa wuya. Idan buhu za a hayar, a yi matattakala da buhunan kansu, a jera su mataki-mataki masu faɗi yadda mutum zai taka da ƙafa biyu, ko a tsayar da mutane a hawa-hawa ana miƙawa. Inda akwai motar ɗaga kaya, ita ce ta kaya, amma kada a kuskura a ɗora mutum a kan cokulanta a ɗaga shi.

A wannan mataki ne kuma za ka dubi kanka. Mai jiri, mai zazzaɓi, wanda ya sha maganin mura mai sa barci, da wanda ya haɗiyi ƙwayar ƙara ƙarfi, duk ba su da hurumin hawa. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, kuma ƙarƙashin kwanon sito ya fi waje zafi, don haka aikin sama a yi shi da sassafe, musamman a watan azumi. Mai doguwar riga ya tuɓe ta ko ya naɗe ta ya ɗaure a ƙugu, domin taka bakin riga a kan mataki ya kayar da mutane da yawa.

2. Ka binciki tsanin kafin kowane aiki

Kwantar da shi a ƙasa a wuri mai haske, ka bi shi daga gindi zuwa sama. Fara da ƙafafunsa. Robar da ke ƙasan tsanin alminiyum ita ce ke hana shi zamewa a kan siminti, kuma ita ce ke fara cinyewa ko faɗuwa. Idan ta ɓace, ana iya yanko guntun tayar mota a ɗaure da noti a ƙafafun biyu yadda tsayinsu zai zo ɗaya, har zuwa lokacin da za a sami ta ainihi. Daga nan ka dubi sandunan gefe ko akwai lanƙwasa, tsagewa ko loɓawa, sannan ka kama kowane mataki ka murɗa shi da hannu. Wanda ya motsa ya nuna tsanin ya tashi daga aiki. A tsanin ƙarfe ka dubi bakin walda, inda tsatsa ke fara ci. A mai buɗewa ka tabbatar da ƙarfen da ke kulle ƙafafun yana nan kuma yana kamawa.

Tsanin katako yana da nasa ciwon. Hunturu yana busar da shi ya tsattsage, ƙusoshi su saki, damina ta ruɓar da gindinsa, gara kuma ta cinye cikinsa ta bar bayan lafiya lau. Ka ƙwanƙwasa shi da guduma ka saurara, ka soka ƙusa a gindin ka ga ko za ta nutse. Kada a shafa masa fenti, domin fenti yana rufe tsaga. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗaure karyayyen mataki da waya ko igiya a ce a lallaɓa a gama lodin yau. Tsanin da aka lallaɓa yau shi za a ɗauko gobe, kuma mai ɗaukowar bai san an lallaɓa ba. Ka goge matakan da tsumma idan akwai mai, laka ko gari, ka kuma duba ƙasan takalminka.

3. Ka gyara wurin da zai tsaya

Ƙasan sito yana da abubuwan da ba a samu a wani wuri. Ƙwayar riɗi, gero ko waken soya da ta zube a kan siminti tana gangarar da ƙafar tsani, haka ma garin fulawa, leda, igiyar buhu da man gyaɗa. A wurin lodi kuma akwai baƙin mai da gas da ke ɗiga daga motoci. Share wurin tas, ka zuba yashi a kan mai ka kwashe, sannan ka kafa. Ƙasa ta zama mai tauri kuma a daidaice. Idan rairayi ne ko ƙasar da ruwan sama ya jiƙa, shimfiɗa faffaɗan katako ka ɗora ƙafafun biyu a kai, ka kafa turaku a bayansa. Idan gefe ɗaya ya fi tudu, ka haƙe tudun. Cusa dutse, bulo ko kwali a ƙarƙashin ƙafa ɗaya yana aiki ne kawai har zuwa lokacin da mutum ya kai sama ya motsa.

Kada ka ɗora tsani a kan durom, tebur, buhu, baro ko bayan mota don ya ƙara tsawo, kuma kada ka haɗa gajeru biyu da igiya. Idan bai kai ba, a aro wanda ya kai.

Sai ka ɗaga kai ka dubi sama da kewaye. Alminiyum da ƙarfe suna ɗaukar wuta, jiƙaƙƙen katako ma haka, kuma a lungunan kasuwanninmu wayoyin lantarki suna ratsawa ƙasa-ƙasa a daidai inda motoci ke tsayawa. Tazarar da ake so tsakanin tsani da wayar sama ita ce mita 6. Inda lungu bai ba da wannan fili ba, a matsar da motar, kuma a riƙa ɗaukar tsanin a kwance, mutum biyu, ba a tsaye ba. Kada ka dogara da cewa an ɗauke wuta, domin ba a sallama kafin a dawo da ita. Idan kusa da ƙofa za ka kafa, a kulle ta ko a tsayar da mai tsaro, sannan a tare hanyar masu baro da masu kura da durom ko igiya har a gama.

4. Ka jingina shi daidai, ka ɗaure

Nan ne ilimin tsanin jingina yake. Ƙa'idar ita ce ɗaya bisa huɗu: duk mita 4 na tsayi, gindin tsanin ya nisanci bango da mita 1. Idan wurin da kan tsanin ya dafa yana da tsayin mita 3, gindin ya fito da santimita 75. Idan ka matso da gindin kusa da bango fiye da haka, tsanin zai miƙe, kuma da ka ɗan ja baya sai ya biyo ka ku faɗi ta baya. Idan ka nisanta shi da yawa, nauyinka zai tura gindin ya zame waje, ka faɗo da fuska tare da tsanin. Wannan na biyun shi ne ya fi yawa a kan siminti mai santsi. Idan babu tef, ga yadda ake gwadawa: tsaya a miƙe, yatsun ƙafarka suna taɓa gindin tsanin, ka miƙa hannuwanka gaba sosai. Idan tafin hannunka ya sauka a kan matakin da ke daidai kafaɗarka, jinginar ta yi.

Idan za ka sauka daga tsanin zuwa kan wani abu, kamar rufin kwantena ko bene, dole kan tsanin ya zarce bakin wurin da mita 1, wato kamar matakai uku, don ka sami abin kamawa lokacin da kake ƙetarawa. Wannan yana shafar tsawon da za ka nema. Don hawa wuri mai tsayin mita 4, jinginar kaɗai tana cin fiye da mita 4 kaɗan, ga kuma mitar zarcewa, saboda haka tsani mai mita 5 ya gaza, sai mai mita 6.

Sandunan gefe biyu su dafa abu mai ƙarfi a tare. Kada ka jingina a kan tarin katan, dila, tamfol, gilashi, bakin kwano ko ƙofar kwantena da ke lilo. Tarin buhu ma ba abin yarda ba ne sai idan an jera shi a sarƙe kamar yadda magini ke sarƙa bulo, kuma ko da haka na fi son a nemi ginshiƙi ko bango. Kanta kuwa sai wadda aka ɗaure da bango ko aka kafe da ƙasa, kuma kada a taɓa taka kantar kanta a matsayin tsani.

Sannan ka ɗaure. Abokin aikinka ya riƙe gindin, ka hau ka ɗaure sandunan gefe biyu da wani abu mai ƙarfi a sama. A sanduna ake ɗaurewa, domin igiyar da aka ɗaura a mataki tana barin tsanin ya juya. Idan babu abin ɗaurewa a sama, a ɗaure daga tsakiya ko daga ƙasa zuwa ginshiƙi, ko a tokare gindin da katakon da ɗaya bakinsa ke dafe da bango, ko a jibge buhunan yashi a bayansa. Riƙon mutum shi ne dabara ta ƙarshe, kuma yana da yadda ake yi: ya fuskanci tsanin, hannuwansa biyu a kan sanduna, ƙafarsa ɗaya a kan matakin farko. Wanda ya dafa da hannu ɗaya yana amsa waya bai riƙe komai ba, kuma a dogon tsani ko ƙaƙƙarfan mutum ba zai iya tsayar da shi ba idan ya fara tafiya gefe.

Mai buɗewa kuma a buɗe shi gaba ɗaya har ƙarfen ya kulle, ƙafafu huɗu duk a ƙasa. Kada a rufe shi a jingina da bango, domin ƙafafunsa ba a yanke su don haka ba. A kafa shi yadda matakan za su fuskanci aikin, saboda turawa ta gefe tana kifar da shi nan take.

5. Hawa da sauka

Fuskarka tana kallon tsanin a hawa da sauka duka. A kowane lokaci gaɓoɓi uku su kasance a jikinsa, hannu biyu da ƙafa ɗaya, ko ƙafa biyu da hannu ɗaya. Wannan ba ya yiwuwa sai hannu ya zama wofi, shi ya sa ƙananan kaya ke shiga jakar rataya, waya kuma ta zauna a aljihu. Ka kama matakai da hannu maimakon zura hannu a sandunan gefe, domin idan ƙafa ta zame, matakin da ka damƙa shi zai tsayar da kai. Ka taka da tsakiyar tafin ƙafa, mataki ɗaya bayan ɗaya, kuma mutum ɗaya ne a kan tsani a lokaci guda.

Sauka ta fi hawa haɗari, domin an gaji, hankali ya koma kan aiki na gaba, kuma ido ba ya ganin matakin ƙasa. Mutane da yawa suna zaton sun iso alhali saura mataki biyu, wasu kuma da gangan suke dirowa. Ka sauko har ƙafarka ta taɓa ƙasa kafin ka saki hannu.

6. Aiki a sama da yadda kaya za su bi

A tsanin jingina kada ka taka matakai uku na ƙarshe, a mai buɗewa kuma kada ka tsaya a samansa ko matakin da ke bi masa, sai idan yana da ƙarfen dafawa. Cibiyarka ta kasance a tsakanin sandunan biyu koyaushe. Da zarar ta leƙa waje don ka kai hannu ga katan ɗin da ke can gefe, nauyinka ya bar kan ƙafafun tsanin. Sauko ka matsar da shi, ko da sau goma ne. Kada ka yi tsalle da shi don ya matsa, kada kuma a ja shi kana kai. Haka nan kada ka sa ƙafa ɗaya a tsani ɗaya a kanta, domin ƙafar da ke kan kantar tana tura tsanin waje.

Kaya masu sauƙi ka miƙa wa na ƙasa ɗaya bayan ɗaya, masu ɗan nauyi kuma a zura su da igiya daga wuri mai faɗi da mutum ya tsaya da ƙafa biyu. Kafin ka ja katan daga kanta, ɗan girgiza shi ka ji nauyinsa, domin wanda ka zata na biskit ne yana iya zama na batir, kuma wanda ya maƙale idan ya saki da ƙarfi yana tafiya da mai jansa. Gyaran da ya fi kowanne rage hawa shi ne na jeren kaya: masu nauyi da waɗanda ake nema kullum su zauna tsakanin gwiwa da kafaɗa, marasa nauyi da waɗanda ba a cika nema ba su hau sama. A nan dole in yi magana da iyayen gidanmu masu sito. Yaro ba ya miƙa hannu inda bai kai ba sai don ana yi masa tsawa cewa direba yana sauri. Idan maigida ya ce a bi a hankali kuma aka ga da gaske yake, yara za su bi.

7. Mota da kwantena

Kafin tsani ya taɓa jikin mota, a kashe inji, a ja birkin hannu, a sa waigi gaba da bayan taya, kuma makullin ya fito daga motar ya shiga aljihun mai kula da lodi. Faɗa wa direba da baki bai isa ba, domin yaron mota yana iya shiga ya ɗan gyara tsayuwa bai san da mutum a baya ba. Ka tuna kuma cewa mota tana sauka yayin da ake loda ta, tana ɗagowa yayin da ake sauke ta, don haka jinginar da ta yi daidai da safe tana iya canzawa, sai a riƙa dubawa ana sake ɗauri.

Kwantena tsayinta kusan mita 2.6 ne, doguwar kuma kusan 2.9, idan tana kan tirela rufinta yana kai wa wajen mita 4 daga ƙasa. Rufin ba shi da abin kamawa, kuma raɓa ko ƙurar hunturu tana sa shi santsi. Kada a hau ta ƙarafunan ƙofa. Wajen rufa tamfol, a yi iyakar abin da za a iya daga ƙasa, a jefa igiya ta ƙetare a ja daga ɗaya gefen. Wanda ya zama dole ya hau kan lodi ya tsaya a tsakiya, kada ya ja da baya, kada ya taka tamfol inda bai san abin da ke ƙarƙashi ba, kuma kada ya ja igiya yana bai wa bakin mota baya, domin idan ta tsinke babu abin da zai tare shi. Idan iska ta taso gabanin hadari, kowa ya sauko, saboda tamfol da iska ta cika yana iya ɗaga babban mutum. Lodin dare kuwa sai da fitila mai haska gindin tsani da samansa duka.

8. Idan wani ya faɗo

Abin da jama'a ke fara yi shi ne su ruga su ɗaga shi, su zaunar da shi, su ba shi ruwa, kuma duk ukun suna iya ƙara masa illa. Ka hana kowa taɓa shi, ka kawar da abin da zai iya faɗo masa. Idan wuta ce ta ja shi, a kashe ta tukuna. Ka durƙusa ta wajen kansa, ka yi masa magana, ka duba ko yana numfashi, sannan ka riƙe kansa da hannu biyu a yadda ka same shi. Tambaye shi inda ke ciwo, ka ce ya motsa yatsun hannu da na ƙafa. Ciwon wuya ko baya, mutuwar ƙafa, ko jin kamar allura tana tsira masa, alamu ne na taɓuwar laka. Wanda ya diro a kan dunduniya ma a kula da bayansa, domin ƙarfin dirar yana bin ƙafa ya hau ƙashin baya. A kira lambar gaggawa 112. Idan dole ku ne za ku kai shi, a samo ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum huɗu ko biyar su juya shi gaba ɗaya a tare, kai da wuya da baya a layi ɗaya, a tokare kansa da naɗaɗɗen zane ta gefe biyu, a sa shi a motar da zai kwanta a miƙe. Naɗe irin wannan majinyaci a Adaidaita Sahu ko a kan babur yana iya mayar da tsagewar ƙashi ta zama shanyewar ƙafafu.

Jini a danne shi da tsumma mai tsabta. Idan ƙashi ya ɓullo, a rufe kawai, kada a tura shi ciki, kada a ja ƙafar don a daidaita ta. Kada a ba shi abinci ko ruwa, domin ana iya buƙatar yi masa aiki. Wanda ya bugu a ka, ko da ya tashi ya ce lafiyarsa ƙalau, kada a bar shi ya koma aiki ko ya kwana shi kaɗai, saboda jini yana iya taruwa a cikin kai a hankali. Amai, yawan barci, ruɗewa, ciwon kai mai ƙaruwa, ko jini ko ruwa daga kunne ko hanci, duk suna nufin asibiti nan take. A Kano akwai sashen gaggawa na Asibitin Murtala da na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga kuma Asibitin Ƙashi na Dala. Na san mutanenmu da yawa sun fi natsuwa da masu ɗori, amma ina roƙo a fara ɗaukar hoton ƙashi, domin karayar ƙugu, ta baya, ta cikin gaɓa da wadda ta fasa fata ba na ɗori ba ne. Ɗaurin da ya matse kuma yana tsayar da jini, kuma idan yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko suka fara baƙi, a kwance a tafi asibiti a wannan sa'a kafin a rasa gaɓar.

9. Rahoto da abin da za a yi da tsanin

A rubuta abin da ya faru a ranar: lokaci, wuri, aikin da ake yi, tsanin da aka hau, da sunayen waɗanda suka gani. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, wadda NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta Najeriya, ke gudanarwa, ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun diyya, kuma ma'anar ma'aikaci a cikinta ta haɗa da na wucin gadi da wanda aka ɗauka da baki ba da takarda ba. Wanda ya ji ciwo ko iyalinsa su sanar da maigidan aiki cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. A adana takardun asibiti da rasit duka. Tsanin da aka faɗo da shi kuma a janye shi daga aiki har a bincike shi kamar yadda aka bayyana a mataki na 2. Idan ya lanƙwashe ko ya tsage, a sa zarto a raba shi biyu kafin a jefar, domin idan aka jingine shi a bayan sito da ransa, wani zai ɗauko shi ranar da lodi ya yi yawa.